Fuskar da Khairiyya Ta Zana

Ni Barira mai ƙuli-ƙuli, shekara ashirin ina sana'ata a Gafasa, ba wanda ya taɓa ce min abar tausayi sai da 'yata Khairiyya ta zana ni.

Koyon zane take yi a wata kwaleji a Kano. Wannan hoton shi ne jarrabawarta ta ƙarshe, ranar Litinin za ta miƙa shi. Ranar Asabar ta zo da shi gida, har da takardar da malaminta ya rubuta a kansa. Na ce karanta min.

Wai shuɗin mayafina alamar baƙin ciki ne.

"Ankon bikin Bilki ne fa," na ce. "Mu goma sha biyu muka yi shi. Duk baƙin ciki muke?"

Wai farantin da ke gabana babu komai a ciki, yana nuna yunwar matan karkara. Raina ya ɓaci sosai. Ranar da ta zana ni ranar kasuwar Ajingi ce, kafin azahar na sayar da kayana tas. Mutumin da bai taɓa murza tunkuza ba shi zai gaya min ma'anar faranti?

"Inna, yabo ne. Ya ce hoton ya fi na kowa."

"Yabon da za a rataye ni a Kano, baƙi suna girgiza kai? Ɗauko fentinki ki sa min dariya. In ba haka ba, hoton nan ba ya fita daga gidan nan."

Ta ce fentin mai ne, ba zai bushe kafin Litinin ba, in kuma ba ta kai ba sai ta maimaita shekara. Na ce ta maimaita. Wallahi har zuciyata na faɗa.

Ta ci gaba da karatu. Wai idanuna da suka kauce gefe suna hangen makomar da ba ta da tabbas.

"Wace makoma kuma? Rana ce ta dame ni."

Khairiyya ta ninke takardar.

"Wannan kam ya yi kuskure, amma ke ma ba rana ba ce. A inuwa kike zaune. Ƙofar zaure kike kallo, Inna. Kullum in la'asar ta yi haka kike."

Da la'asar mijina Gwadabe yake dawowa daga gona, sai na ji ƙarar kekensa ya jingina shi da bango. Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Na ɗauka ba wanda ya lura.

Na daɗe ina kallon matar nan ta cikin hoton. Ban ji daɗinta ba ko kaɗan, amma ni ce.

"Naɗe abinki kar ya yi ƙura," na ce. "Ki gaya wa malamin naki sayarwa na yi, ba yunwa ba ce."

"Idanun fa?"

"Ki bar shi da makomarsa. Wannan ba na mutanen Kano ba ne."