Sabuwar Fuskar Ogola

Ƙanena Ogola ya daɗe a kujerar kansilan mazaɓarmu ta bakin tafki, har ya fara ganinta kamar gadon gidanmu. Kwatsam sai ga Opiyo, ɗan marigayi yayanmu, yaron da na goya, ya fito nemanta. Hankalin Ogola ya tashi, don in kujerar nan ta suɓuce, ko kwalekwalen kamun kifi ba shi da shi.

Sai ya ɗauko wata gwanar yaƙin neman zaɓe daga Nairobi, Wairimu, mai dogayen farata. Ta ce yawon gidajen makoki da zaman cin tuwon ugali da tsofaffi tsohon yayi ne, yanzu ƙuri'a tana cikin waya. Ta ɗauki hotonsa ta ba kwamfuta. Kwamfuta ta rufe masa sanƙo, ta rage kumatu, ta share furfura. Na ce masa wannan ba shi ba ne. Ya ce ni mai tallar kifi me na sani.

Daga nan ya shige ɗaka, don kada tumbinsa ya ƙaryata hoton. Hoto kuwa ya zaga gari. Matan kasuwa suna ta tura wa juna a WhatsApp, 'yan babur sun liƙa a tanki, tsofaffin da ba su iya karatu ba kuma jikoki suna nuna musu, ana cewa ga fuskar da za su nema ranar zaɓe.

Wairimu baƙuwa ce. Ba ta san mazan gidanmu fuskarsu ɗaya ba, shekaru ne kawai ke raba su. Ta kuma manta hoton ainihi da ba a gyara ba ake bugawa a takardar ƙuri'a.

Ranar zaɓe da rana ina gidansa, saƙon murya ya shigo daga Kaka Anyango, shugabar matan cocinmu. Ogola ya ƙure sauti don in ji in sha kunya.

"Ɗana, mun zaɓe ka, ni da matana kaf. Mun gane ka nan take, kai ne na sama a takardar, da gashinka kamar a waya. Amma wane ne wancan tsohon mai sanƙo da suka sa a ƙasanka? Ko mutum ɗaya bai kula shi ba, abin tausayi."

Na so in yi dariya, amma na danne. Ya sake kunnawa daga farko.