Kibiyar da Zakiyyu Ya Ɗaure

A wani ƙauye da ke bakin dam, tsakanin Daura da Sandamu, akwai wani tsoho mai suna Kalilu, wanda ya yi shekara goma sha tara a Legas yana fentin jiragen ruwan masu hali. Ba jiragen inji ba ne. Wasu 'yan ƙanana ne masu doguwar sanda a tsakiya da ƙyalle ɗaure a jikinta, iska kaɗai ke kora su. Masu su ba kifi suke nema ba, ba fasinja suke ɗauka ba, tsere kawai suke yi ranar Lahadi su koma gida. Kalilu ya kankare jiragen nan, ya toshe musu ɓula, ya shafe su da fenti, amma sau huɗu kacal aka taɓa ɗaukarsa a ciki, shi ma don a sami nauyi a gefe ɗaya.

Da ya dawo gida, abu biyu ya zo da su. Na farko wani kwali da ya tura ƙarƙashin gado. Na biyu labari, cewa irin wannan jirgi yana iya nufar inda iska take fitowa ya isa, ba inji, ba filafilin tuƙi. Kwalin ba wanda ya damu da shi. Labarin kuwa an sha dariya da shi a kowace majalisa, har mai shayi kan ce, "Baba Kalilu, a ƙara mana na jirgin nan mai gardama da iska."

Sai Kalilu ya daina ba da labarin ya ɗauki zarto. Shekara biyu yana sassaƙa a bayan gida. Sandar tsakiya itacen turare ce mai tsawon mutum uku, ƙyallen kuwa buhunan taki ne da matarsa Kande ta wanke ta ɗinke, har yanzu da rubutun kamfani a jiki, wani a miƙe wani a kife. Ranar da aka sa shi a ruwa gari ya raɗa masa suna, jirgi mai zani.

Matsala ta taso a wata na biyu. Masunta suka ce inuwar zanin tana korar kifi. Wannan ba a tabbatar ba. Abin da aka tabbatar shi ne, sau biyu iska tana kwasar jirgin ta zuba shi cikin tarun mutane, sau biyu kuma da igiya aka jawo shi. Aka kai ƙara wurin Sarkin Ruwa Kabo, wanda taubashin Kalilu ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya.

"Kai bawana," in ji Kabo, "na so in kare ka, amma taru ba ya ƙarya. Ranar Asabar ta sama akwai tseren kwale-kwale na bayan girbi. Ka shiga. Ban ce ka ci ba, don ko kunkuru aka sa zai riga ka. Ka je ka zagayo kukar tsakiyar ruwa ka dawo nan mashaya. Zan ba ka filafili in shafe shi da toka. In ka dawo da tokar a jiki, jirginka ya zauna a dam. In ta wanke, ko aka jawo ka, ka fitar da shi kaji su kwana a ciki."

Kukar nan tana can yamma, ta bushe a tsaye tun da ruwa ya cinye tsohuwar gonar da take ciki, balbelu sun mai da ita unguwarsu. Iska a wannan lokaci daga gabas take zuwa. Tafiya ke nan da sauƙi, dawowa ce maganar.

Ranar ce Kalilu ya jawo kwalinsa. Wani injiniya ne a Legas ya bar masa shi lokacin da injiniyan zai bar ƙasar. A ciki akwai wata kibiya baƙa mai juyawa a kan ƙusa, da 'yan ludayi uku masu zagayawa, da doguwar waya, da wani ɗan gilashi kamar fuskar agogo. In aka ɗaura kibiyar a kan sanda, sai ta juya ta fuskanci iska, gilashin kuma ya nuna wa mai tuƙi ta ina take bugun jirgi da irin ƙarfinta. Kalilu ya yi imani da wannan na'ura fiye da yadda ya yi imani da idonsa, wanda dama ya fara hazo.

Saura mai hawa. A duk yankin ba wanda ya kai Zakiyyu iya aikin sama. Shi ke ɗaura dish ɗin talabijin daga Mai'adua har Zango, magidanci ne mai shekara arba'in, kuma shi ke auren Zulfa, 'yar farin Kalilu. Nan gizo ke saƙar, don tsakanin surukai sai kunya. Zakiyyu ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Kalilu shi ma idonsa a kan wata tunkiya.

"Kande, ki gaya masa a can ƙololuwa za a sa. Wayar ta biyo jikin sanda ta sauko."

"Ya ji ai, ga shi nan gabanka."

"To, Baba," in ji Zakiyyu. Yana da tambayoyi wajen biyar a bakinsa, amma wa ke tsare surukinsa da tambaya?

An riga an jawo jirgin gindin wata bedi a bakin ruwa, hancinsa na kallon yamma. Da Zakiyyu ya tuɓe riga ya kama reshe, Kalilu ya ga bai dace ya tsaya yana ɗaga kai yana kallon surukinsa da singileti ba. Ya tuna yana da gaisuwar da bai yi ba a wata unguwa, ya tafi.

Zakiyyu ya yi aiki na tsoron Allah. Ya huda, ya sa noti huɗu, ya bi waya da ƙananan ƙusoshi, ya haɗa ta da batirin babur. Da ya gama sai ya ga kibiyar tana waige-waige, yanzu nan, anjima can. Ransa ya ɓaci. A sana'arsa, duk abin da aka ɗaura a sama ya motsa, kiran waya ne ke biyo baya da zagi. Ya ce a ransa, tsufa ne ya sa ta sakwarkwace. Ya juya ta ta fuskanci gabas kamar yadda ya saba, ya kwaɓa gam ɗin ƙarfe ya cika gindinta, ya ƙara da zagayen waya uku don kada a ce surukin gida ya yi ha'inci. Ludayan kuwa ya bar su suna juyawa, don ya gane fanka ce mai sanyaya na'ura.

Da yamma Kalilu ya zo ya kunna. Gilashi ya kawo haske, lambobi na rawa, alama na nuna iska daga bayan jirgi take. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga. Daga baya take kuwa. Ya yi ta murmushi shi kaɗai.

Ranar Asabar bakin dam ya cika, har da masu rake da mai kalangu. Jirgin yana son mutum biyu, amma duk wanda Kalilu ya kalla sai ya tuna da wani uzuri. Ana haka sai ga Kande daga masussuka, ƙwarya a hannu, ƙaiƙayi har a girarta.

"Matsa, Malam. Tun da baƙin gashi nake jin labarin nan, yau dai in gani da idona."

"Kande, in ya nutse da ke ba ruwana," in ji Sarkin Ruwa, yana shafa wa filafili toka. "Ko da yake ke za ki taso, mijinki ne dutse."

Ta karɓi filafilin, ta naɗe shi a mayafinta kamar jariri, ta zauna.

Aka busa usur. Kwale-kwale goma sha ɗaya suka zabura, ruwa na tashi. Jirgi mai zani ya yi jim, sannan buhunan taki suka kumbura, ya fara tafiya shiru kamar mai satar hanya. Ya wuce na goma sha ɗaya. Ya wuce na goma. Kande ta saki gefen da ta riƙe ta ce, "Ikon Allah! Ko girgiza babu, ya fi motar Zango." Kalilu na riƙe da sitiyari. Idonsa na kan gilashi, zuciyarsa na Legas.

Su ne na shida a wurin kuka. Balbelu suka tashi fari fat, Kalilu ya karya sitiyari, jirgi ya zagayo ya fuskanci gida. Ya duba gilashi. Iska daga baya, in ji shi. Abin ya ba shi mamaki, amma ya ce wataƙila ta juya ne don Allah ya ji tausayin tsoho. Ya saki igiya ya buɗe zanin gaba ɗaya.

Zanin ya hau kaɗawa, fat-fat-fat, kamar shanya. Jirgin ya tsaya, sannan a hankali ya fara tafiya da baya.

Kwale-kwalen da suka bari a baya suka zagayo suka wuce su. Wani ya yi ihu, "Baba, gida ta can ne!"

"Malam, iskar nan fa a fuskata take."

"Na'ura ta ce a baya."

"To ni da na'ura wa ke zaune a waje?"

"Kande, abin nan injiniya ne ya ba ni."

Ta ɗaga kai ta ƙanƙance ido. "Wannan baƙin abin na sama, aikinsa ne ya juya?"

"Shi ne dukan aikinsa."

"To tun da muka taso bai ko yi atishawa ba. Ga wani abu ma kamar tuwo a gindinsa."

Kalilu ya ɗaga kai shi ma ya dubi kibiyar. Ya gane. Ya dubi bakin dam can nesa, mutane kamar tururuwa, ya dubi bayansa inda tarunan masunta ke jira. Hawa sandar nan a tsakiyar ruwa, da shekarunsa, kife jirgi ne. Idonsa ya sauka a kan mayafin da ke cinyar Kande. Tuƙi ashirin kawai, ya kauce wa tarun, ya koma gida da mutuncinsa ko da ba jirgi. Ya miƙa hannu.

Ta buge hannun. "Wallahi a'a. Yatsuna bakwai allura ta huda a buhunan nan. Me abin yake gaya maka in yana da lafiya?"

"Inda iska take fitowa, daidai wa daida."

"Shi ke nan? Abin da nake yi kullum a masussuka?"

Ta kankaro ƙaiƙayin da ya manne a ƙwaryarta, ta kakkaɓe na cikin zaninta ta tara. Ta ɗebi kaɗan, ta ɗaga hannu sama yadda mai shiƙa ke yi, ta saki. Ƙaiƙayin ya tashi ya bi ta kan kafaɗar Kalilu ta dama.

"Ga ta nan, daga gaba, ta ɗan karkata hagu."

Ya ja igiya har zanin ya matso jikin jirgi, ya kautar da hanci dama. Kaɗawar ta tsaya. Jirgin ya kwanta kaɗan a gefe, ruwa ya fara magana a ƙarƙashinsa. Ba gida ya nufa kai tsaye ba, a gicciye yake tafiya, kamar jaki mai kaya a kan tudu.

"Malam, wannan hanyar Legas ce."

"Haka ake yi. Sunkuya, zani zai wuce!"

Ta sunkuya, ya juya, suka koma ɗaya gefen. Ta sake sakin ƙaiƙayi. A juyi na uku ta daina jira a tambaye ta. "Ta lafa, jira. Ga wata nan tafe, dubi yadda ruwa ya yi duhu. Ja!" A na biyar ruwa ya fantsamo, ta kare mayafin da bayanta. A na bakwai ƙaiƙayi ya ƙare, ta tsinke zare daga bakin ɗankwalinta ta riƙe a sama.

A bakin dam, wanda ya ci tsere har ya karɓi ragonsa an gama yi masa kiɗa. Amma ba wanda ya tafi. Dariya ta ragu tun juyi na huɗu, don kowa na jin iska a ƙeyarsa, kuma kowa na ganin buhunan taki suna ƙara girma. A juyi na tara hancin jirgi ya taɓa yashin mashaya.

Kande ta sauko ta warware mayafi. Sarkin Ruwa ya karɓi filafili ya shafa da yatsa, ya ɗaga yatsan kowa ya gani, fari da toka.

"Jirgi ya zauna," in ji shi. "Amma a rubuta, na Kande ne. Wannan tsohon nauyi kawai aka ɗauke shi ya yi."

"Ko a Legas aikina ke nan," in ji Kalilu, yana dariya yana share ido da hula.

Sai ga Zakiyyu ya keto taro, ya tuɓe takalmi ya tsuguna, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Barka, Baba. Ina ta kallonta tun daga nan. Duk juyin nan da kuka yi, ko gezau ba ta yi ba."

Kalilu ya dubi kibiya, ya dubi ƙasa, ya nemo tunkiyar da zai kalla.

"Aiki ya yi ƙwari," ya ce. "Allah ya yi albarka." Sannan ya rage murya. "Kande, ki gaya wa yarinyar nan ta gaya masa, gobe ya zo da abin kankare gam."