Gurbin Ƙarshe a Kwari

Tun da hantsi rediyo ta ce guguwar teku ta doso gaɓar Mahra, gobe za ta sauka. Nan da nan wani ƙauyen masunta da ke gaɓar ya rikice. Mata suna kwashe shanyar kifi, masunta kuwa kowa ta jirginsa yake yi.

Al'adarsu ce tun kaka da kakanni, in iska ta taso a ja jirage cikin busasshen kwarin da ke bayan dutse, inda iska ba ta kaiwa. Da wani masunci mai suna Mabkut ya iso da nasa, gurbi ɗaya ya rage, shi ma Suhail ɗan baffansa ya riga ya tura hancin jirginsa ciki. Suhail ƙato ne, shi kaɗai yakan riƙe igiyar da mutum uku ke nishi a kanta. Mabkut kuwa zuciya gare shi kamar kuturu, kuma da wannan jirgin kaɗai yake ciyar da 'ya'yansa.

"Ja tsiyarka baya, gurbin ubana ne!" in ji Mabkut.

Suhail ya yi dariya. "Haba ɗan'uwa, ubanka ya haƙa kwarin? Kai jirgin naka bayan ɗakin matarka ta rufa masa zane."

Mutane suka tuntsire da dariya. Wallahi dariyar nan ce ta jawo komai. Mabkut ya fizgi anka, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi, ya kai masa duka. Suhail ya tare da hannun dama, sai ji aka yi ƙas! Ƙashi ya huda fata, jini ya yi tsartuwa a yashi. Mabkut bai tsaya ba, ya hau shi da shuri har sai da dattawa suka danne shi.

Gurbi dai ya samu. Aka ɗaure hannun Suhail da tsinken dabino, jirginsa kuma aka bar shi a fili.

Washegari da azahar gari ya yi baƙi. Iska ta yaye rufin masallaci, ta tumɓuke dabinai, teku ta haura har kasuwa. Kowa idonsa na kan teku. Ba wanda ya tuna da ruwan da yake ta zuba a kan duwatsu tun asuba, sai da suka ji rugugi ta bayansu. Ambaliya ce ta biyo kwarin, jawur, da itatuwa da matattun awaki.

Mabkut ya ruga. "Jirgina!"

"Dawo, mahaukaci!" in ji wani dattijo. Ina! Har ya faɗa cikin jirgin, ruwan ya ɗaga shi ya maka da dutse. Katako ya tarwatse, Mabkut ya maƙale a jikin wani kututture, ruwa iya wuya.

Suhail ne ya fi kowa kusa. Ya cilla igiya da hagu, Mabkut ya cafka.

"Riƙe ni, ɗan'uwa! Don Allah riƙe ni!"

Suhail ya kafa ƙafafu, ya naɗe igiyar a hagu, ya kai dama don ya ƙara, hannun ya ƙi tashi. Ya sa haƙori. Igiyar ta yanke masa tafi, ta ɓalle masa haƙora, ta zare. Kafin sauran maza su iso, ruwa ya wuce da Mabkut teku.

Suhail ya durƙusa a taɓo, baki duk jini, yana dukan karyayyen hannun da ƙasa yana kuka.