Da Ƙafa Zuwa Hubbare

Tun suna samari Malam Arzika da amininsa Ɗahiru suke faɗin wata rana za su taka da ƙafa daga Kucheri zuwa Sakkwato, su ziyarci Hubbaren Shehu kamar yadda kakanninsu suka yi. Noma da hidimar iyali suka yi ta ture maganar har furfura ta cika musu gemu. Bana, da aka gama kai dawa rumbu, Arzika ya ce masa lokaci ya yi. 'Yan uwa sun yi ta ba su baki saboda halin da hanya take ciki. Suka ɗauki alkawarin ba za su bar kwalta ba, la'asar ba za ta same su a daji ba, kuma duk inda mutanen gari suka ce gaba ba kyau, za su tsaya.

Saude, matar Arzika, ita ta zauna da shi wajen haɗa kaya. Ya jera komai a tabarma, ita kuma ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsa ko zai taɓa abin nan kullum. Wanda ya yi jim kafin ya amsa, sai ta mayar da shi ɗaki. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: rigar canji, mayafi, darduma, 'yar buta, gorar ruwa, malfa, man kaɗanya, allura da zare, sai ƙuli-ƙuli da garin fura. Ta zuba su a tsohuwar jakar goyo, ta naɗe igiyoyinta da tsumma don kada su ci masa kafaɗa.

A kan takalmi ne kawai suka sha bamban. 'Yarsu Halimatu, wadda take koyarwa a Gusau, ta aiko masa da sabon kambas mai kaurin ƙasa tun da ta ji labarin tafiyar. Saude ta ce ya riƙa zuwa gona da shi tukuna ya yi laushi. Shi kuwa ya ji ba zai iya ɓata shi da turɓaya ba, yana so yarinyar ta gan shi sabo a ƙafarsa. Ya ajiye shi a kwali sai ranar tashi.

Ɗahiru bai nemi shawarar kowa ba. Ya fito da buhu a kafaɗa, a ciki akwai bargo, rediyo, butar shayi, ƙaramar tukunya da shinkafa. Da Arzika ya yi masa magana, ya ce ai ya saba ɗaukar abin da ya fi wannan daga gona.

Kafin su shiga Tsafe, Arzika ya fara jin zafi a diddige. Bai faɗa ba. Washegari da suka hango dutsen Kwatarkwashi, wurin ya yi bororo ya fashe, har safa ta manne da fata. Duk alwala sai ya juya wa Ɗahiru baya ya cire takalmin. A haka ya lallaɓa har ƙofar gidan Halimatu.

Ita ce ta kawo masa ruwan wanke ƙafa, kuma ta ƙi tafiya sai da ya cire. Ta duba ciwon, sannan ta ɗora ruwa a wuta, ta zuba gishiri, ta tsuguna tana gasa masa. Ya soma ba ta haƙuri, yana cewa takalmin ba shi da laifi.

“Baba, don ka ji daɗin tahiya na saya,” in ji ta, “ba don ka daure saboda ni ba.”

Suka zauna a Gusau har ciwon ya bushe. Da yamma, lokacin da ƙafa take ɗan kumbura, ta raka shi kasuwa ya zaɓi takalminsa da kansa. Ya gwada da yawa, ya taka ya dawo, ya lanƙwasa su a hannu, daga bisani ya ɗauki buɗaɗɗen takalmin taya irin wanda ya yi shekaru yana noma da shi. Ya shafe igiyoyin da man kaɗanya, ya yi ta yawo da shi cikin unguwa kafin su tashi. Kambas ɗin ya bar mata ajiya, ya ce na zuwa Juma'a ne in ya dawo.

Daga nan ya koyi kula da abin da yake ɗauke da shi. Duk inda suka yada zango sai ya kakkaɓe tsakuwa daga takalmi, ya duba ɗinkin jaka, ya ɗauraye gora ya kife ta, ya wanke riga ya rataya a bayan jaka ta bushe suna tafe.

A Bungudu gwiwar Ɗahiru ta kumbura. Buhun nan da yake sauyawa daga kafaɗa zuwa kafaɗa ya sa ya riƙa karkata, har ƙafar hagu ta gaza. Wani ɗan uwansa mai suna Hamidu ya sauke su, ya kai shi asibiti, aka ce lallai ya daina doguwar tafiya. Ɗahiru ya wuni kwance a zaure fuskarsa na kallon bango. Da ya yi magana, cewa ya yi Arzika ya ci gaba, shi zai hau mota ya koma gida.

Arzika ya jawo buhun ya zazzage, ya zauna yana ɗinke inda ya soma yagewa. Yana ɗinki yana tunanin cewa bai taɓa hango kansa a ƙofar Hubbare shi kaɗai ba, ko sau ɗaya.

“Ba gida za ka ba,” ya ce. “Mota za ka hau, amma gaba. Ka riga ni isa, ka nemo mana wurin kwana, ka tambayi lahiyar hanya, ka ɗora shayi.”

Ɗahiru ya ce wannan ba ita ce ziyarar da suka yi niyya ba. Arzika ya yarda ba ita ba ce, ya ce amma ita Allah ya ba su.

Haka suka yi. Da hantsi Ɗahiru yakan wuce shi a mota yana ɗaga hannu, Arzika kuma ya bi gefen kwalta, wani lokaci tare da masu zuwa cin kasuwa. In ya iso zai tarar da tabarma a shimfiɗe, shayi ya nuna, Ɗahiru ya riga ya san limamin garin. Sau ɗaya, bayan Maru, ya bugo waya ya ce mutane sun hana bin wani yanki da ƙafa, Arzika ya shiga mota bai yi gardama ba.

A bakin birnin Sakkwato Ɗahiru ya ce daga nan ba zai ƙara hawa komai ba. Suka bar kayansu a shagon wani mai dabino, ya dafa kafaɗar Arzika, suka ratsa gari a hankali, suna tsayawa duk inda gwiwar ta ce a tsaya. Ana kiran azahar suka isa. Suka yi alwala, suka shiga cikin jama'a, kowa ya sami gefe ya zauna yana addu'a, ya fara da sunayen waɗanda suka ba su saƙo daga Kucheri.