Wuƙar Nevyana

Wani dare mutanen wani layi a birnin Plovdiv suka ji ƙara, ƙwas, ƙwas, kamar tsuntsu mai bakin ƙarfe yana saran itace. Ba tsuntsu ba ne. Stamen ne da 'yar guduma, yana kafa takardun rasuwar matarsa Nevyana a jikin bishiyoyi. A garin nan bishiyoyi ne ke riƙe da fuskokin matattu, har ruwan sama ya wanke su.

Stamen marubucin talla ne. Ya fara da tallar sabulu a wani ƙaramin kamfani, ya tafi manyan kamfanonin birnin Sofia ya yi tallar giya da ta banki. Da furfura ta fito aka kawo yara a madadinsa, ya dawo gida yana rubuta wa duk wanda ya nema, har mai gyaran famfo. Duk tsawon wannan tafiya alƙalinsa ɗaya ne. Yakan karanta wa Nevyana jimla tana yanka albasa. In ta ajiye wuƙa, jimla ta yi. In ta ci gaba da yanka, sai kwandon shara.

Yanzu mai sassaƙa dutsen kabari yana jiran jimla ɗaya, kuma babu mai ajiye wuƙa. Sai Stamen ya yi abin da ya saba a bakin aiki: hoto ɗaya, amma kowace bishiya da nata rubutun, don ya ga wanda zai fi jan mutane. Da safe ya zauna a baranda yana kallon inda mutane za su tsaya.

Sun fi tsayawa gaban wadda ta ce, "Ƙofarta ba ta san rufewa ba." Wata mata har ta share hawaye. A dokar sana'arsa magana ta ƙare. Sai dai Nevyana sakata biyu take sa wa ƙofa, kuma ba ta son baƙi. Jimlar da ya rubuta daga zuciyarsa tana can ƙarshen layi: "Ba ta taɓa yabon abin da bai kai ba." Wannan kuwa, kare ne kawai ya shinshina ta.

Da yamma ya sauko, ya cire takardun nan biyu, ya tsaya da ɗaya a kowane hannu. Goggo Penka, maƙwabciyarsu, ta fito da tukunyar dafaffiyar alkama ta sadakar mamaciya. Ta riga ta bi bishiyoyin duka da tabarau.

"Kai, mai sabulu, kai ne ka hana mu barci?"

"Ni ne, Goggo."

"Ƙofarta ba ta san rufewa ba! Ni da na yi shekaru ina buga ƙofar nan don aron gishiri? Da tana nan, da ka sha ludayi a ka."

"Jimlar nan mutane suka fi so," in ji shi a hankali.

"Mutane ne za su kwanta ƙarƙashin dutsen?"

Maƙwabta sun leƙo ta tagogi. Iska tana kaɗa sauran takardun, fuskar Nevyana tana ɗagowa tana kwanciya a kowace bishiya, tana wannan ɗan murmushin nata na mai jiran a gama karatu. Goggo Penka ta ajiye tukunyar a ƙasa, ta dubi layin daga farko har ƙarshe.

"Stamen, cikin matan nan duka, wacce ka aura?"