Ranar da Darakta Ya Busa Usur

"Hannun rigar na ce ka ja, Ɗan Benci, ba wuyana ba. Kashe ni za ka yi kafin su karrama ni?"

Na saki wuyan na kama hannun. Rigar wasanni ce shuɗiya mai farin layi, wadda a da take matse Darakta a ƙirji, yanzu kuwa da ni da shi za mu iya shiga ciki har mu bar wa baƙo wuri. Yana zaune a bakin gado, ƙafafunsa a kumbure, matarsa na durƙushe tana fama da igiyar takalmi.

"Likita ya ce kar ka shiga rana," in ji ta.

"Likitan ya taɓa cin kofi?"

Darakta maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ya shugabanci sashen wasanni na kwalejin da ke bayan unguwarmu tun yana da baƙin gashi, har ciwon suga ya zaunar da shi, ya taɓa masa ƙoda, ya sa masa yana a ido. Ni kuwa ma'aikacin hukumar ruwa ne, mutumin da ya ƙware wajen shan zagi daga zaune. Ranar da na tare a unguwar ya dubi tumbina sau ɗaya ya raɗa min Ɗan Benci, sunan ya bi ni har ofis. Matarsa ma ba ta tsira ba, Alƙaliya yake ce mata, don ita ke ɗaga masa jan kati in ya miƙa hannu wajen gwangwanin sukari.

Filin wasan kwalejin nan juji ya tarar da shi. Shi da ɗalibai suka kwashe shara, suka tsince duwatsu, suka dasa ciyawa, suna ba ta ruwa da jarka duk ranar da famfo ya ƙi zuwa, laifin da bai taɓa yafe min ba. Kowane sabon shugaban kwaleji sai ya zo da zanen ginin da zai dasa a wurin, Darakta kuma sai ya tsaya masa a wuya. An hana shi ƙarin girma saboda filin nan, an kafa masa kwamitin bincike, bai gusa ba. Ko bayan ya yi ritaya aka sake tayar da maganar, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce muddin Darakta bai yarda ba, sai dai a haɗu a kotu.

Wanda ya gaje shi a kujerar yaronsa ne, Barewa. Ɗalibi ne siriri da Darakta ya tsinta yana tsere ba takalmi, ya cire nasa ya ba shi. Da aka tashi korarsa kan faɗa, Darakta ne ya je ya yi ta roƙo har aka bar shi. Ana saura mako guda taron sai ga Barewa da ledar lemo, ya yi ƙiba har ya kusa kamo ni, ya durƙusa a kan tabarma.

"Baba, magana ta ƙare. Sunanka za a sa a wurin nan. Ka zo da usur ɗinka, kai za ka buɗe taro."

Bayan ya fita Alƙaliya ta juya lemon a faranti ta ce, "Yaron da ya shekara bai leƙo ba."

"Aiki ya yi masa yawa," in ji Darakta. "Ni na san kujerar."

Da tsohuwar motata muka je. A bakin ƙofar kwaleji wasu samari masu kwat suka karɓe shi kamar ƙwai, shi da Alƙaliya, suka nufi rumfar manyan baƙi. Mai gadi ya dubi motar, ya dube ni, ya nuna min can bayan ɗakin gwaje-gwaje inda babu mai ganinta. Ban yi musu ba, ni ma na san abin da nake tuƙawa.

Shi ya sa na ɓullo wa filin ta ƙarshensa, ta inda baƙi ba sa bi. An kafa wani dogon tamfol a tsaye, a bayansa kuma ga katafila, an ɗaura mata jan kyalle a baki kamar kyauta. Gefenta ga wani ƙaton allo jingine, da zanen rukunin shaguna hawa biyu, da hoton Darakta yana saurayi, da sunansa ɓaro-ɓaro a sama. Direban katafilar yana zaune a kan sarƙar ƙafarta yana sakace.

"Sannu da hutawa, malam. Wannan fa?"

"Jira nake a busa usur in fara."

"Wa zai busa?"

"Wani tsoho aka ce. Wai shi ya ba da filin."

Lasifika ta ɗauka daga can: "Yanzu uban wasanni na wannan kwaleji zai taso..."

Jama'a, na yi gudu. Ni da rabona da gudu tun wani kare da ya bi ni ina firamare. Na tattare riga, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya ya ce shi ba da shi ba, tumbi na gaba ina binsa a baya. Ina ɗaga hannu ina ihu, 'yan kallo suka zaci cikin shirin ne, wasu har da tafi. Daga nesa ina hango abin da aka shirya masa: an jera ɗalibai cikin gajeren wando a gabansa, kusa yadda idonsa zai iya ganin inuwarsu. Barewa na riƙe da gwiwar hannunsa. Masu hoto sun durƙusa.

Darakta ya miƙe ƙirji, muryar nan da na zaci ciwo ya cinye ta fito. "A kan layi! Ku shirya!"

Ya busa.

Babu ɗalibin da ya motsa. Tamfol ya faɗi, katafila ta yi gurnani, aka ɓarke da tafi.

Na iso na zube a gabansa ina haki kamar tsohon injin niƙa. Yana tsaye, usur a leɓe, yana juya kai.

"Me ya hana su tashi? Ƙarar mece ce wannan?"

"Ci gaba ne, Baba," in ji Barewa.

"Ɗan Benci, kai ne kake nishi haka? Gaya min abin da kake gani."

Na nemi numfashin da zan yi ƙarya da shi, ban samu ba. Kafin in haɗa kalma, iska ta kawo ƙanshin ɗanyar ƙasa da ciyawar da aka tumɓuke. Na ga hancinsa ya buɗe. Bai sake tambayata ba.

Barewa ya matso da baki kusa da kunnensa, yana murmushi saboda masu hoto. "Baba, da kai da babu kai za a yi. Na ga gara sunanka ya hau ginin."

"Tsofaffin ɗalibai fa, da maganar kotu?"

Barewa ya dubi masu hoto, ya gyara murmushinsa.

"Shi ya sa aka kira masu hoto," in ji Darakta a hankali. Ya zare gwiwar hannunsa daga hannun yaron, ya lalubo kafaɗata. "Tashi ka kai ni gida."

Muka kama hanyar gida a mota. Alƙaliya na kujerar baya, ta rufe baki da gefen mayafi. Sai da muka shiga layinmu Darakta ya ce, "Na ji ana cewa wani mai tumbi ya ratsa fili."

"Ni ne."

"Da diddige kake sauka, ina jin ka tun daga nesa. Ba a gudu da diddige."

"In an sake shirya wani, zan gyara."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Washegari hoton ya zagaye wayoyin mutane, ga Darakta da kumatu a cike, ga katafila a bayansa. Shugaban tsofaffin ɗalibai ya bugo waya ya ce tunda Baba da kansa ya sa albarka, su wane ne su. Darakta ya miƙa wa Alƙaliya wayar bai amsa ba. Ya sa aka rufe tagar ɗakinsa duk da zafi, amma ƙarar aikin tana ratsa bango. Abinci sai cokali biyu ya kau da kai. Da Barewa ya sake zuwa da lemo, Alƙaliya ta tare bakin ƙofa.

"Mama, minti ɗaya kawai."

"Barci yake."

"Ina jin tarinsa."

"Da tari yake barci. Ka gaida gida."

Kullum in na taso daga aiki nakan zauna a gefen gadonsa in ba shi labarin wanda ya zage ni yau. Wata la'asar ya katse ni.

"Ni na busa, ko?"

"Darakta, ba ka sani ba. Rufe ka suka yi."

"Mai riƙe da usur ba ya cewa bai sani ba. Haka na koya musu." Ya daɗe yana kallon silin da ba ya gani. "Takalman da na ba Barewa ma sun yi masa yawa. Sai da muka cusa takarda a ciki."

Da safiyar wata Laraba ya cika, ina tsakar gidana ina jiran famfo. Kukan Alƙaliya ne ya tsallako katanga.

Mun dawo daga maƙabarta ke nan, mutane sun cika ƙofar gida, sai ga motar kwaleji ta tsaya. Leburori suka sauke ƙarfen ragar ƙwallo guda, fari, da guntun siminti da ƙasa a gindinsa. Direban ya ce sabon darakta, Barewa, shi ya ce a kawo wa Baba abin tunawa, ba su ji labarin rasuwar ba sai a hanya. Aka gwada shigar da shi ta ƙofa, ya ƙi. Aka karkata shi, ya ƙi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin ya ce a mayar musu da kayansu, amma motar ta riga ta sha kwana.

Rana ta take, rumfar da aka aro ba ta ishi jama'a ba. Wani ya kawo shawara, aka miƙar da ƙarfen a gefen titi, aka tokare shi da bulo, aka ɗaura tamfol daga samansa zuwa katanga. Tsofaffin ɗalibai suka yi ta zuwa, manyan mutane masu furfura, kowa sai ya sunkuya ya shiga ƙarƙashinsa, ya yi ta'aziyya ƙasa-ƙasa, ba mai ɗaga kai ya dubi abin da ke ba shi inuwa.

Da yamma kowa ya watse, aka kwance tamfol, aka naɗe tabarmi. Ni kaɗai na rage a kan benci, a tsakiyar raga, ina fuskantar titi.