Ƙarar Hisham a Filin Muzdalifa

Duk wanda ya tambayi Hisham abin da ya raba shi da aikin soja a Amurka, amsa ɗaya yake samu: ciwon baya. Haka ya faɗa wa mahaifinsa kafin ya rasu, haka ya faɗa wa yayarsa Shatu da mijinta Mahadi, haka yake faɗa wa abokan aikinsa a masaukin alhazai da ke Jarwal, inda yake zaman tafinta a bakin ƙofa. Ya daɗe yana maimaita maganar har ta bi jikinsa. Da ya doshi hamsin sai bayan ya soma ciwo da gaske.

A Jarwal ɗin aka haife shi. Iyayensa Kanawa ne da suka biyo ta Sudan suka zauna a Makka, uban yana ɗinki, uwar tana sayar da soyayyiyar gyaɗa. Babu jinsiyyar ƙasa a gidansu, sai iƙama, takardar izinin zama, da ake ta sabuntawa. Yana saurayi ya ci ƙuri'ar biza ya tafi Amurka, ya yi wanke-wanke a gidajen abinci, ya tuƙa tasi. Da yaƙin Iraƙi ya yi zafi aka shiga neman masu jin Larabci, sai ya sa kaki ya zama tafinta.

A sansanin sojojin da aka kai shi ya haɗu da Sami, ɗan asalin Labanan mai aikin jinyar sojoji. Abin ya faro daga shan shayi tare da hirar gida, ya kai inda Hisham bai taɓa zaton zai kai da wani mahaluki ba. Dokar wancan lokaci ba ta tambayar soja wanda yake so, amma idan aka gano namiji yake so, to kakinsa ya ƙare. Wani ya gan su a ɗakin kwana ya kai rahoto. Aka kira Hisham aka tambaye shi, ya ce haka ne. Aka sallame shi da sallamar da ba ta girmamawa ba, aka kuma rubuta dalilin ɓaro-ɓaro a takardarsa, yadda duk inda ya nemi aiki sai mai ɗauka ya karanta ya ɗago ya dube shi. Sami ma aka sallame shi, kowa ya kama gabansa. Da mahaifin Hisham ya kwanta ciwo sai ya tattara ya dawo Makka. Mahadi ya tsaya masa kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, Shatu ta ba shi ɗaki a gidansu na unguwar Zahir, shekaru suka yi ta wucewa.

Wata rana da hantsi yana zaune a bakin aikinsa sai ya ji an ce, "Ya zol! Ashe kana duniya?"

Hatim ne, mutumin Sudan da suka yi tafintanci a sansani ɗaya, ya zo umara. "Ya zol" shi ne yadda suke kiran mutum a Larabcinsu. Suka rungumi juna, Hisham ya ja shi wani shagon shayi a bayan layi. Bayan an gama tambayar iyali da waɗanda suka rasu, Hatim ya rage murya.

"Ka san an soke dokar nan tuntuni?"

"Na ji."

"Ka ji, kuma ka zauna? Mutane suna ta ɗaukaka ƙara ana gyara musu sallama. Ni yanzu aikin da nake yi ke nan, tare da wasu lauyoyi masu taimakon tsofaffin sojoji. Ba sai ka je ba ma. Ta waya kwamitin sojojin zai zauna da kai."

Hisham ya juya kofinsa a kan tebur. "In an gyara, wa zan nuna wa? Mahadi? Ka manta garin da nake? Nan kalma ɗaya ta fita, iƙamata ta tafi, in ma a nan abin ya tsaya."

"Ba don ka nuna wa kowa ba ne."

"To don me?"

Hatim ya ɗauki kofinsa. Ya kurɓi shayi, can ya ce, "Sami ya yi tasa, an gyara masa. Yana nan lafiya, ya yi ƙiba, yana da wanda suke zaune tare. Shi ya ce in na zo in neme ka. Ya ce zai yi maka shaida."

Hisham ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji kamar an ɗora masa buhu. Bai san me ya so ya ji game da Sami ba, amma ba wannan ba ne. Ya ce Allah ya ƙara masa lafiya, ya tashi ya biya mai shayi, ya ce aiki na jiransa.

Hatim ya koma Amurka amma bai bar shi ba. Kullum saƙo, kullum kira. Hisham ba ya jin an ci shi da hujja. Gajiya ce ta kai shi ga cewa to. Ya gaji da ƙin amsa waya, ya gaji da bayanin ciwon baya ga alhazan da ke jin Turancinsa su tambayi inda ya koya. Ya aika abin da aka nema, yana gogewa daga wayarsa da zarar ya tafi. Wata ya bi wata ba labari, har ya soma fatan an manta da shi. Sai ga Hatim ya kira ya ce an sa rana, da safiyar can, wadda ta zo daidai da bayan la'asar a Makka.

Matsalar ita ce inda zai zauna ya yi maganar. A gida bangon ɗakinsa kamar kwali yake, kuma 'ya'yan Mahadi duk suna jin Turancin makaranta. A wurin aiki babu kusurwar da ba mutum. Sai ya tuna Muzdalifa. Idan ba lokacin Hajji ba, filin nan fayau yake, ba kowa sai tituna masu faɗi da fitilun da ba a kunna ba. Ya yanke shawarar zai tuƙa motarsa can ya rufe gilashi.

Ranar kuwa sai al'amari ya cakuɗe. Shatu tana zuwa wankin ƙoda a asibiti, aka ɗaga mata lokaci zuwa azahar. Mahadi yana Jidda wajen kaya, babu mai ɗauko ta sai Hisham. Ya je ya yi ta jira, injin ya yi jinkiri, ba ta fito ba sai da aka yi la'asar. Ya riƙo ta a hankali ya zaunar da ita a gaban mota, fuskarta ta yi fari fat, hannunta ɗaure da bandeji. Ya dubi agogo. In ya kai ta Zahir cikin cunkoson nan, lokaci ya wuce.

"Yaya, ina da wata waya da mutanen Amurka, kan tsohon aikina. Ba za ta jira ba. Za ki iya haƙuri mu tsaya wani wuri?"

"Tayyib," in ji ta, idonta a rufe. "Ka dai bar mini sanyin motar."

Shatu ba ta jin Turanci ko kalma. Da wannan ya kwantar da ransa har suka isa.

Ya tsaya a gefen wani titi da motocin alhazai kan cika maƙil a daren Muzdalifa. Yanzu ba komai sai tsakuwa, da layin banɗakuna a kulle, da wata leda da iska ke ja a ƙasa. Ya jingina wayar a gaban sitiyari. Fuskoki suka bayyana: wata mace mai furfura cikin kaki ita ce shugaba, maza biyu a gefenta, sai Hatim da lauya a wani ɗan akwati a ƙasan fuskar wayar.

Shugabar ta gaishe shi, ta tambayi wace ce a kusa da shi. Ya ce yayarsa ce, ba ta da lafiya, ba ta jin abin da ake faɗa. Shugabar ta tambaye shi ko inda yake zai iya magana ba tare da haɗari ba. Ya dubi filin ta gilashi, ya ce zai iya.

Lauya ya yi bayaninsa, ya karanto yabon da shugabannin Hisham suka taɓa yi masa, ya karanto shaidar Sami. Hisham ya ji kalmomin Sami a bakin wani, a tsare, a natse, kamar na mutumin da ya daɗe da warkewa. Sai ɗaya daga cikin mazan ya tambaye shi ko yana musun abin da aka rubuta a kansa.

"Ba na musu," in ji Hisham da Turanci.  "Na so Sami. An tambaye ni a lokacin na ce haka ne, yau ma haka ne. Abin da nake musu shi ne a ce na ci amanar aikina. Ban taɓa juya maganar kowa ba, ko ta soja ko ta mutumin ƙauye. Akwai gidajen da ba a fasa ƙofarsu ba saboda na tsaya na saurari masu gidan."

Suka tambaye shi yadda ya rayu bayan sallamar. Ya faɗa musu a taƙaice: aikin da ya nema bai samu ba, dawowarsa, masaukin alhazai, ɗakin da yake kwana. Da ya ji ta a jere haka, sai ya ga rayuwar ba ta da tsawon da ya zata. Shugabar ta ce me yake so kwamitin ya yi masa. Ya san amsar da lauya ya koya masa, amma ta ɓace masa.

"Na gaji ne kawai," ya ce. "Ina so a ce ba kora ta aka yi ba."

Suka yi masa godiya, suka ce zai ji daga gare su. Wayar ta yi baƙi.

Ya zauna hannunsa a kan sitiyari. Ya zaci Shatu barci take, sai ya ji ta ce, "An gama?"

"An gama, Yaya."

"Mutanen nan da kaki, shari'a suke yi maka?"

"Kusan haka. Maganar yadda na bar aiki ce."

Ta buɗe ido ta dube shi. "Ban ga ka taɓa bayanka ko sau ɗaya ba. Mai ƙarar ciwon baya ai yakan nuna wurin."

Ya kau da kai ya dubi filin.

"Sunan mutum na ji kana ta kira. Shi dai ba Turanci ba ne, na gane shi." Ta gyara zaman hannunta mai bandeji a kan cinya. "Ni na goya ka, Hisham. Mata nawa na kawo maka ka ce a'a? Ka ga na sake kawo wata tun rasuwar Baba?"

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa.

"Kada ka faɗa mini. Wallahi ban tambaye ka ba. Abin da kunnena bai ji ba, ba wanda zai ciro shi daga bakina, ko Mahadi ko waninsa. Tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma kullum ina roƙa maka a sujada, ba zan fasa ba. Ba na ce na ji daɗi ba. Amma ɗakinka ɗakinka ne."

Hisham ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Bai yi kuka ba. Jikinsa ne ya saki gaba ɗaya, kamar wanda ya sauke kaya a inda ba nan aka ce ya kai ba. Ta bar shi haka na ɗan lokaci, sannan ta dafa kafaɗarsa da hannunta mai lafiya.

"Yalla, kai ni gida. Jiri nake ji."

Amsar ba ta zo ba sai bayan Hajjin shekarar, lokacin da ƙafafunsa suka kumbura don tsayuwa kan alhazai. Hatim ne ya kira shi yana ihu don murna: an mayar da sallamarsa ta girmamawa, an cire dalilin da aka rubuta. Ya ce yanzu hanya a buɗe take, ya dawo Amurka, akwai asibitin tsofaffin sojoji, akwai aiki, akwai mutanen da ba sai ya ɓoye musu komai ba.

Hisham yana tsaye a lungun bayan masaukin, kusa da inda ake tara shara. Ya saurari cikinsa ko zai ji murnar da Hatim ke ji. Abin da ya samu kaɗan ne, wani ɗan sauƙi a ƙirji, kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi.

"Na gode, ya zol," ya ce. "Ka yi wa Sami godiya."

"To yaushe za ka taho?"

"Yayata tana wankin ƙoda. Ni ke kai ta."

"Bayan haka fa?"

"Bayan haka sai abin da Allah ya yi."

Da yamma ya tarar da Shatu a tsakar gida tana tsince shinkafa, Mahadi yana ciki yana kallon labarai. Ya durƙusa kusa da ita kamar mai gyara takalmi, ya ce a hankali, "Mutanen nan sun yanke hukunci, Yaya. Ni na yi nasara."

Ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa daga cikin shinkafar ta jefar.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Je ka wanke hannu, ka zo ka yanka mini albasa. Yau yatsuna ba sa riƙe wuƙa."